Uku Ya Saka

Ranar da Suhaibu ya fara shiga shagon Alhaji Isiyaku a Tudun Wadan Zariya, ba firiji ya zo saya ba. Ya wuce firiji da talabijin da fankoki bai kalli ko ɗaya ba, ya tsaya gaban kanta ya yi sallama, ya tambaya ko za a taimaka masa da shara.

"Shara?" in ji Juwairiyya, 'yar mai shagon, wadda ke tsare da kanta.

"Farin soson nan da ake lulluɓe sabon firiji da shi a cikin kwali. Na ga kuna tarawa a bayan shago kuna ƙonawa."

Ta dube shi. Dogo ne siriri, zai yi shekara talatin da biyu, rigarsa a goge, yatsunsa duk busasshen gam. Bai yi kama da mai taɓin hankali ba, amma zaman shago ya koya mata ba duka ne suke kama ba.

"Me za ka yi da shi, Malam?"

"Jirgi."

"Na ruwa ko na sama?"

"Na sama."

"To Allah ya kai ku lafiya. In Makka za ka, ka biyo ka ɗauke ni."

Bai yi dariya ba. Ya ce jirgin ba ya ɗaukar mutum, kuma ba shi da inji. Ta buɗe masa ƙofar baya don ta rabu da shi, sai ta tsinci kanta a tsaye tana kallo. Yana ɗaga soso ɗaya bayan ɗaya, ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya rufe ido ɗaya ya duba miƙewarsa, ya ajiye. Cikin tarin nan duka falle huɗu kawai ya ɗauka. Ba ta taɓa ganin mai roƙon shara da tsirfa irin wannan ba.

"Sauran fa?"

"Sun yi nauyi. Wannan kuma ya karkace."

"Sai ka ce mai zaɓen kayan lefe."

Sai a lokacin ya dube ta sosai, ya yi saurin sunkuyar da kai.

Suhaibu malamin aikin katako ne a wata sakandare, yana haya a ɗaki ɗaya a Tudun Jukun. Ya tashi a ƙarƙashin ƙananan jiragen 'yan koyon tuƙi da ke kewaya sararin Zariya kullum, yana ƙera nasa da kara. Da ya girma ya je gwajin shiga makarantar koyon tuƙin jirgi, likita ya buɗe masa wani littafi mai ɗigo-ɗigon launi ya ce ya karanta lambar da ke ciki. Bai ga lamba ba. A ranar ya san idonsa ba ya rarrabe ja da kore, kuma ba a ba irinsa jirgi. Ya koma gida ya ci gaba da ƙera waɗanda ba ruwansu da launin idon mai su. Yana kiransu shirwa, don kamar shirwa suke, ba fiffika, ba ƙara, iska kawai suke hawa. 'Yan unguwa kuwa matan Suhaibu suke ce musu, tunda su kaɗai ne ke kwana a ɗakinsa.

Juwairiyya tana da shekara ashirin da bakwai. Mahaifiyarta ta rasu shekara shida da suka wuce, yayyenta maza suna Kaduna da Abuja, saura ita da Alhaji a gida mai ɗaki tara. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka Inna yake ce mata. An yi ta ba shi baki ya ƙara aure, ya ƙi. Masu neman 'yarsa sun zo ba ɗaya ba ba biyu ba, amma Alhaji mutum ne mai bincike, kuma bai taɓa bincika saurayi ya dawo hannu banza ba.

Suhaibu ya koma zuwa duk ranar Alhamis. Juwairiyya ta fara ware masa soson da kanta, tana rufe ido ɗaya tana dubawa idan ba kowa a shago. Ta sa masa Kyaftin don tsokana, shi kuma ya rama da Hajiyar Soso. A wata na uku ta roƙi Gwaggo Rakiya, ƙanwar Alhaji, ta raka ta gindin dutsen Kufena ta ga abin da ake yi da shararsu.

Asabar ce, da hantsi, an gama girbin gero. Ya fito da shirwar daga buhu ya harhaɗa ta. Fikafikanta sun fi tsawon hannuwansa in ya buɗe su, amma da ya miƙa wa Juwairiyya sai ta kusa yar da ita don rashin nauyi.

"Sa yatsa ɗaya a nan ƙarƙashin fiffike, ɗaya a can," in ji shi. "Kin ga ta tsaya? Ba ta sunkuya ba, ba ta ɗaga kai ba. Wannan shi ne abu na farko da muke nema. In goshi ya yi nauyi, ƙasa za ta yi. In wutsiya ce, za ta ɗaga kai ta yi taƙama kaɗan, sannan ta kife."

"Na san mutane haka," in ji Gwaggo Rakiya daga ƙarƙashin lema.

Ya ce masu wannan sha'awa iri-iri ne. Yana cikin wani zaurensu a waya, akwai na Legas, akwai na Jos. Wasu gudu suke nema, su sa inji mai ƙara su tayar wa unguwa hankali. Wasu kuma kyau, su shekara suna fenti su rataye a falo, tsoron tayar da shi suke kar ya kuje.

"Kai fa?"

"Ni wadda za ta daɗe a sama nake nema."

Ya tsaya yana kallon sama har Juwairiyya ta gaji. Can ya nuna mata wata shirwa ta gaske tana kewaya kan dutse ba ta motsa fiffike. Ya ce a nan iska mai ɗumi ke tashi daga dutsen da rana ta gasa, ba a ganinta, sai dai a bi tsuntsun da ya same ta. Ya rataya rimot a wuya, ya ɗaga tasa sama da kai, ya yi taku uku, ya buɗe hannu.

"Ban ga ka jefa ba."

"Ba jefawa ake ba, Hajiya. Saki ake."

Farin abin ya tafi shiru, ya sami iskar, ya fara kewaya tare da tsuntsun yana hawa. Juwairiyya ta manta da rana, ta manta da Gwaggo. Tun rasuwar mahaifiyarta ba ta tuna ranar da ta ɗaga kai ta daɗe haka ba.

Daga nan saƙonni suka fara yawa.

"Hajiyar Soso, yau sau shida na saki shirwata, sau shida tana dawowa hannuna. Da kina nan da kin ƙirga mini."

"Kyaftin, ka ci abinci kuwa, ko iska ka sha?"

"Na ci burodi a wajen Nagoda mai shayi. Juwai, zan faɗi wata magana. Shekara goma ina zuwa filin nan ni kaɗai, ban taɓa jin filin ya yi mini faɗi ba sai da kika zo kika tafi."

Ta karanta wannan a kicin, tana kwashe wa Alhaji tuwo. Ta daɗe kafin ta rubuta: "To ka turo magabatanka su rage masa faɗi."

Alhaji ya ce kafin kowa ya zo, zai yi bincike. Bai aiki kowa ba, da kansa ya tafi Tudun Jukun bayan la'asar, ya zauna a teburin Nagoda ya sa a haɗa masa shayi. Nagoda mutum ne da ba ya dariya in yana wasa, shi ya sa baƙi ba sa gane lokacin da yake yi.

"Malam, ka san wani Suhaibu, malamin makaranta?"

"Mai-Saki? Wa bai san shi ba? Ga ɗakinsa can."

"Mai me?"

"Mai-Saki, Alhaji. Ai uku ya saka a gabanmu, ba wadda ta dawo. Yanzu ta huɗu yake lallaɓawa. Mun ce masa wannan karon ya riƙe ta da kyau."

Tambaya ɗaya ta rage, kowane mai bincike ya san ta: 'ya'yan wane ne matan? Alhaji bai yi ta ba. Ya shanye shayinsa, ya yi godiya, ya kama hanyar gida da sauƙin jikin da ya daɗe bai ji ba.

"Inna," in ji shi bayan magariba, "yaron nan mata uku ya saka, mai shayin unguwarsu ne ya gaya mini. Har suna gare shi a unguwa, Mai-Saki. Ba zan ba ki a mayar da ke ta huɗu ba."

Ta shiga ɗaki ta rubuta: "Baba ya je unguwarku. An ce masa uku ka saka, har Mai-Saki ake ce maka. Gaskiya ne?"

Amsa ba ta daɗe ba.

"Gaskiya ne, Juwai. Kunya ce ta hana ni gaya miki, kowa dariya yake mini. Ta farko ban san kan abin ba tukuna. Ta biyu ta faɗa gonar wani, ban sake ganinta ba. Ta ukun ce ta fi mini ciwo, shekara guda ina wahala a kanta, rana ɗaya ta bi iska ta tafi. Har yanzu ina tunaninta. Amma me ya haɗa Baba da wannan?"

Mutumin da ke cikin tsoro, abin da yake tsoro shi yake karantawa. Ta karanta sau biyu, maganar ta ukun ta fi ƙona ta. Ta rubuta: "Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Kar ka sake zuwa shago." Ta toshe lambarsa.

Suhaibu bai zo ba. Bai kuma aiko kowa ya tambayi dalili ba, don a ganinsa ya san dalilin. An taɓa buɗe masa littafi an ce bai isa ba, wannan ma haka ne: Alhaji ya ji cewa mai neman 'yarsa ƙato ne mai wasan yara, wanda ko kayan wasan bai iya riƙewa ba. Ya ci gaba da zuwa Kufena ranar Asabar. Wani lokaci ko buhun ba ya kwancewa, ya zauna a kan dutse har azahar ya koma.

A gidan Alhaji kuma sai ga Salmanu, ɗan maƙwabcinsu, ya fara zuwa gaisuwa. Ba shi da laifi. Yana gina bene jikin katangarsu, kuma zancensa duka a kan tayil ne, na Sifen da na Caina. Alhaji bai tilasta mata ba, sai dai ya kan ce, "Daga ƙofarsa zuwa tamu taku ashirin ne, na ƙirga." Wannan karon bai yi maganar bincike ba.

Mako bakwai aka yi a haka. Uba da 'ya suna cin abinci a falo, labaran rediyo suna magana a madadinsu. A bayan shago soso ya taru har ya tokare taga, don ta hana a ƙona, ta kuma kasa faɗin dalili.

Wata Alhamis da rana, shago ba ciniki, ta yanke shawarar goge saƙonninsa. Ta hau can sama don ta fara daga farko. Tana gogewa tana karantawa, har ta iso kan wannan: "Yau sau shida na saki shirwata, sau shida tana dawowa hannuna."

Yatsanta ya tsaya. Ta gangara ƙasa da sauri zuwa saƙonsa na ƙarshe. Ta faɗa gonar wani. Ta bi iska ta tafi.

"Innalillahi," ta ce a fili, ita kaɗai a cikin firiji goma sha biyu. Dariya ta zo mata, kuka ya riga ta fita.

Ta rufe shago ta ɗauko Gwaggo Rakiya a Keke Napep suka nufi Tudun Jukun. Gwaggo ba ta zauna ba, a tsaye ta tare Nagoda.

"Kai ne ka ce wa yayana Suhaibu ya saki mata uku?"

"Ni? Uku dai na ce, Hajiya."

"Uku me?"

"Jirage mana. Suhaibu da ko tukunya biyu ba shi da ita, ina ya ga mace ɗaya balle uku?" Ya ajiye butar shayi a hankali. "Kai. Alhajin nan mai farar hula? Wallahi na ɗauka ya gane. Ai bai tambaye ni ba."

"Allah ya shirye ka da bakinka," in ji Gwaggo. "Ka raba aure tun ba a ɗaura ba, kana nan kana fifita gawayi."

A cikin Keke, Juwairiyya ta buɗe lambarsa. Ta rubuta ta goge har sau uku, sannan ta tura: "Kyaftin, soso ya cika mana shago."

Har suka isa Tudun Wada ba amsa. Sai bayan la'asar ta shigo: "An ce kar in sake zuwa."

Ta kira shi ta faɗa masa komai.

"Mata uku," in ji shi. "Ashe a idonki na kai haka."

"Ka yafe mini."

"Ni na ɗauka wasan yara ne kuka gani kuka raina."

"Ban taɓa rainawa ba. Kishi na yi da ta ukun."

"Ai ta cancanci kishi, Juwai. Kyakkyawa ce. Mako bakwai ban yanka ko falle ɗaya ba."

Alhaji ya saurari bayanin 'yarsa yana jan carbi. Da ta gama ya ce, "Na ji. To ko da hakan ne, mutumin da ya haura talatin, aikinsa bin iska a bayan gari?"

"Baba, da kuka je wajen Nagoda, kun tambayi sunayen matan?"

Carbin ya tsaya.

Ta durƙusa a gabansa. "Ku zo ku gani sau ɗaya. In kun gani kun ce a'a, na haƙura, ba zan sake tayar da maganar ba."

Ranar Asabar suka tafi Kufena su uku da Gwaggo. Suhaibu ya tare su da nisa, ya cire takalmi ya durƙusa ya gaishe da Alhaji. Alhaji ya amsa a taƙaice, ya kewaya shirwar yana dubawa kamar kayan da aka kawo masa bai yi oda ba. A ƙarƙashin fiffike ya ga ragowar tambarin firijin da yake sayarwa.

"Wannan ai kayana ne."

"Naku ne, Baba. Shi ya sa nake so ku tayar da ita."

Alhaji ya karɓa. Bai saba riƙe abu mara nauyi ba, ya damƙe ta har babban yatsansa ya lotsa soson.

"A hankali, Baba. In kuka matse ta za ta lotsa. Ku ɗaga ta sama da kai, ku fuskanci iska, ku yi taku uku. Za ku ji tana neman tashi da kanta. Kar ku jefa, buɗe hannu kawai za ku yi."

Alhaji ya ɗaga. Ya yi taku uku, ya yi na huɗu, ya yi na biyar, ya tsaya. Iska tana kaɗa babbar rigarsa, shirwar tana rawa a hannunsa tana jan sama, shi kuwa yatsunsa sun ƙi buɗewa. Gwaggo ta buɗe baki za ta yi magana, Juwairiyya ta riƙe mata hannu.

"In na sake ta," in ji Alhaji, bai juyo ba, "dawowa take?"

"Ba zan yi muku ƙarya ba, Baba, uku ba su dawo ba. A lokacin ban san yadda ake juyo da su ba. Wannan tana dawowa."

Dattijon ya daɗe a tsaye, hannunsa a sama. Sannan ya buɗe.

Ta tafi shiru, ta ɗan sunkuya kamar za ta faɗi, ta sami iskar da ke tashi daga dutsen ta hau. Alhaji ya bi ta da ido har hularsa ta zame ta faɗi, bai ɗauka ba. Ta ƙanƙance ta zama ɗigo. Bayan kamar minti ashirin Suhaibu ya juyo da ita, ta sauko tana kewayawa, ta ja ciki a kan karan gero ta tsaya taku kaɗan daga ƙafar Alhaji.

Ya sunkuya ya taɓa wurin da yatsansa ya lotsa.

"Wannan zai gyaru?"

"Ba sai an gyara ba, Baba. Da shi ta tashi."

Alhaji ya ɗauki hularsa ya kaɗe. "Ka ce wa manyanka su zo ranar Lahadi."

An ɗaura auren Suhaibu da Juwairiyya wata biyu bayan nan, ranar Juma'a, a masallacin unguwa. Salmanu ya zo ya yi fatan alheri, ya kuma ba ango shawara a kan tayil. Nagoda ya yi ta shelar cewa wannan ta biyar ce, har sai da Gwaggo Rakiya ta aiko a ce masa in bai yi shiru ba za ta fito da kanta. Limamin ya yi addu'a Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari, ya sa mutuwa ce kaɗai za ta raba, jama'a suka shafa. Alhaji ya daɗe da hannuwansa a fuska bayan kowa ya sauke nasa.

Da za a fita da amarya, ta durƙusa gabansa tana kuka. Ya dafa kanta ya ce, "Allah ya yi miki albarka, Inna. Tashi, suna jira."

Washegari Alhaji ya karya kumallo shi kaɗai a gida mai ɗaki tara, bai kunna rediyo ba. Ya tafi shago da wuri. An sauke sababbin firiji, ya buɗe kwalayen da kansa, ya zaro soson falle-falle. Ya auna ɗaya a tafin hannu, ya rufe ido ɗaya ya duba miƙewarsa, ya jingine shi gefe.

Wayarsa ta yi ƙara.

"Baba, kun karya? Ranar Asabar mai zuwa muna tafe daga Kufena, a gida za mu ci abincin rana. Ku ce wa Gwaggo tuwon shinkafa."

Ya sa tabarau ya karanta sau biyu. Da yatsa ɗaya, a hankali, ya rubuta: "Allah ya kawo ku lafiya. Ki ce wa mijinki na ware masa huɗu, ɗaya ne ya karkace."